Giyar Shekarar Ƙanƙara

Ni na fara ganin gawar Baba Anselme, ko da yake Régis, mijin 'yarsa, shi ya kurma ihun da ya tara gari. Na kai wa tsohon burodinsa na safe, kamar yadda na saba tun rasuwar matarsa, sai na tarar da ƙofar ɗakin ƙasa a buɗe, inda yake ajiye gangunan giyarsa. Na sauka matakala ina kiran sunansa. Yana kwance rub da ciki tsakanin ganga biyu, ƙeyarsa a fashe, wuyansa a yage ta gefe, jini ya bi kwata ya daskare baƙi ƙirin. Hannunsa na dama duk yanka ne, alamar ya yi ta kare fuskarsa kafin ya faɗi. Tsoho mai shekara saba'in da takwas aka yi wa wannan wulaƙanci.

Mu mutanen Vaubrenne ba mu kai ɗari uku ba, kuma ba ma jiran jandarma kafin mu yanke hukunci. Mako guda kafin nan, ranar bikin waliyyin masu gonar inabi, yayana Gaspard ya ci kwalar Baba Anselme a kan layin inabi ɗaya da ke iyakar gonakinsu, ya rantse a gaban kowa sai ya fasa masa kai. Gaspard bakinsa ya fi hannunsa sauri, kowa ya sani. Amma a safiyar nan ba wanda ya tuna.

Norbert Vuillet ne ya nuna sawun. Shi ne shugaban ƙungiyar masu inabi, abokin marigayin tun suna 'yan makaranta, yana tsaye a tsakar gidan da safar hannunsa ta fata, hawaye na bin gemunsa.

"Ku dubi nan," in ji shi. "Wa ke da ƙafa irin wannan a garin nan in ba Gaspard ba?"

Mutum bakwai suka tsige turakun inabi suka nufi gonar yayana. Na bi su a guje, amma mace mai shekara hamsin ba ta tsere da maza a hawan tudu. Da na isa sun riga sun kayar da shi. Émile mai gasa burodi ya take masa hannun dama a kan dutse, wani ya sauke turke a kai har na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Wani ya same shi a ido. Na faɗa kansa na rufe shi da jikina, ni ma na sha biyu a baya kafin su ja da baya suna haki.

"Ku ƙarasa mu duka, 'yan iska!" na ce. "Émile, kai da uwarmu ta yi wa wanka kana jariri!"



A asibitin birni aka ɗaure lafiyayyen hannun Gaspard da ankwa a jikin gado. Shugaban jandarman, wani dogo mai suna Delattre, mutumin arewa ne, bai fi wata shida a yankinmu ba. Ya ce mini ga barazana a gaban shaidu, ga sawu a ƙofar mamaci, alƙali ba zai nemi ƙari ba. Shekara ashirin ke jiran yayana in ya tashi daga gadon nan.

Gaspard ya yi mini magana ta fasasshen baki. "Odile, na je wurin Baba Anselme jiya. Cuku na kai masa, na ba shi haƙuri. Ya karɓa har ya yi dariya. Ya jera kofi biyu a kan ganga, da kwalba ɗaya ta rawaya, giyar nan tamu mai launin zinariya, ya ce wani yake jira. Na baro shi da ransa, ko ruwan sama ba a fara ba."

"Wa yake jira?"

"Bai faɗa ba. Amma ransa a ɓace yake, kuma ba da ni ba."

Daga asibiti ban zarce gida ba, sai bukkar Célestin a bakin daji. Célestin shi ake kira in maharbi ya ji wa aladen daji rauni ya ɓace masa. Da shi da karyarsa Tambelle sai su bi ɗigon jini yini guda har su cim masa. Ba ya noma inabi, ba ya cikin ƙungiya, ba ya gaida kowa, kuma saboda haka ne na je wurinsa. Na same shi yana feɗe zomo.

"Na ji labari," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Garin da ya bar aikinsa ya koma farauta."

"Ka zo ka duba sawun."

"Bayan mutum ɗari sun tattake wurin kamar shanu a mashaya?"

"Célestin, in ba ka zo ba zan zauna a ƙofarka ina zaginka har bazara."

Ya goge wuƙarsa a wando ya yi wa karyar fito.

Bai ko kalli tsakar gidan marigayin ba. Ya zagaya baya, inda wata ƙaramar ƙofa ke fita gona, ya tsuguna a laka ya daɗe.

"Wannan na yayanki ne, mai shiga da mai fita. Kin ga ɗige-ɗige a cikinsa? Ruwan sama ya sauka a kansa. Yaushe aka fara ruwan jiya?"

"Da faɗuwar rana."

"To ya tafi kafin nan. Wannan kuwa," ya nuna wani sawu mai santsi a ciki, "bayan ruwa ya ɗauke aka yi shi. Takalmin roba ne irin na kowa, kada ki sa rai. Amma mutumin ya tsaya nan, ya ajiye wani abu mai nauyi a ƙasa, ya ɗaure hannunsa."

A jikin wani busasshen ganye akwai ɗigon jini uku baƙaƙe. Tambelle ta sansana, ta ja igiyarta. Muka bi layin inabi muka gangara. Mai sawun bai bi hanya ba, kuma bai yi lalube ba: daidai inda wayar shinge ta saki ya ƙetare, wurin da sai wanda ya girma a nan ya san shi. Muka bi har marmaron da mata ke wanki a da. A nan ya wanke hannu, sawun ya shige cikin na jama'a ya ɓace.

Ni kuwa zuciyata ta riga ta tafi kan Régis, don da safe na ga tsumma ɗaure a hannunsa. Baƙo ne daga kudu, shekara biyar da auren 'yar tsohon, kuma shi zai gaji gonar. Ban taɓa ƙaunarsa ba, da ƙamshin turarensa da yadda yake gyara wa mutane magana. Muka same shi a ɗakin girki ya haɗa kai da gwiwa.

"Kwance hannun nan," in ji Célestin.

"Da wane iko? Kai jandarma ne?"

"A'a. Amma mutum bakwai ɗin nan ba su mayar da turakunsu gona ba tukuna."

Ya kwance. Yanka ne a babban yatsa, ya riga ya yi ɓawo, na kwana huɗu ko biyar. Almakashin datse inabi ne ya cije shi, kamar yadda yake cizon duk wanda ya koyi aikin da girma. Raina bai so ba, na faɗi gaskiya.

"Wa surukinka yake jira jiya?" Célestin ya tambaye shi.

"Ban sani ba, mun tafi gidan ƙanwata mun kwana. Amma shekaranjiya wani ƙunshi ya zo masa ta gidan waya daga Lyon. Wani kuku ne, tsohon mai sayen giyarsa, ya aiko da kwalba ɗaya da wasiƙa. Baba ya karanta wasiƙar, ya juya kwalbar ya dubi takardar jikinta, sai fuskarsa ta canza. Na ce lafiya, ya ce in je in ji da datsata."

"Ina kwalbar? Ina wasiƙar?"

Ba ɗaya a ɗakin ƙasan. Kofuna biyun ma an ɗauraye su an mayar mazauninsu, an share ƙasa, ko tsinken gilashi ba a bari ba.

"Da kwalbar aka kashe shi," in ji Célestin da muka fito. "Guntuwar kwalbar rawaya kauri gare ta kamar taɓarya. Wanda ya tsaya shara a kan gawa ba tsoron gilashi yake ba, abin da ke manne a jikin gilashin yake tsoro."

Muka koma marmaro. Ya saki karyar, ta yi ta zagaye, sai ta haura wani tsibin duwatsu da kakanninmu suka tsince daga gona, ta hau tono tana gurnani. A ƙarƙashin dutse na uku akwai buhun taki a ƙulle. Cikinsa fasassun gilashi ne, jini da farin gashi manne a gindin kwalbar. Babban ɓangare ɗaya bai rabu ba, takardar ce ta riƙe shi. Na karanta ta sau ɗaya, na zauna a kan duwatsun.

"Kin gani?" ya ce.

"Na gani."

"To ki rufe bakinki har gobe, in kin iya. Ban taɓa jin kin iya ba."

Washegari da la'asar aka taru a shagona na shan kofi, don shi ne ɗakin da ya fi girma bayan coci. Delattre ya yarda da taron ne kawai saboda buhun da Célestin ya danƙa masa. Régis na zaune kusa da taga. Bakwai ɗin nan sun jeru a bango sun yi tsuru-tsuru. Norbert na kujerarsa ta kullum kusa da murhu, sanye da baƙaƙen kayan makoki da safar hannunsa.

Célestin ya ajiye ɓangaren kwalbar a kan tebur.

"Shef, karanta mana," ya ce wa Delattre, don haka muke kiran shugaban jandarma.

Delattre ya ɗaga kafaɗa. "Ni a garinmu giyar sha'ir muke sha. Na ga sunan gari, na ga sunan mamacin, na ga lambobi. Kwalbarsa ce, a ɗakinsa aka fasa ta. Me ya rage?"

Célestin ya ce, "Komai ya rage. Babban rubutun nan na sama, Vaubrenne, ba adireshi ba ne. Mu ba ma rubuta irin inabin, ƙasar da ya fito muke rubutawa, kuma in ka rubuta sunan garin nan ka yi rantsuwa ke nan cewa a tudunsa aka tsinke shi. A ƙasa ga sunan mai gona, Anselme Perrenot. Ƙaramin layin nan cewa yake a gidansa aka ɗura, ba a wurin ɗan kasuwa ba. Sittin da biyun nan awon kwalbar ne, na rawaya kaɗai, don shekara shida da wata uku take kwance a ganga tana raguwa. Duk daidai, har launin takardar. Saura lamba ɗaya. Émile, kai da ka iya aiki da hannu, gwada da baki."

Émile ya matso ya leƙa. Ya karanta a fili. "Dubu ɗaya da ɗari tara da tamanin da bakwai."

Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

"Me ya faru?" in ji Delattre.

Ni na ba shi amsa. "Shekarar da aka tsinki inabin ake rubutawa, Shef, ba wadda aka ɗura ba. A tamanin da bakwai ruwan ƙanƙara ya sauka mana mako biyu kafin tsinka, cikin minti ashirin ya mai da tudun nan fili. Baba Anselme ko kwando ɗaya bai ɗauka ba. Bai yi giya a shekarar ba, balle ya buga mata takarda."

Norbert ya gyara murya. "Ashe jabu ce. To magana ta fito. Ɗan gari ba zai yi wannan wauta ba, sai wanda bai ga ƙanƙarar da idonsa ba." Ya juya ya kalli Régis. Bakwai ɗin ma suka juya, na ga kafaɗunsu sun fara motsi kamar jiya. Régis ya miƙe ya manne da taga.

"Wanda ya taɓa shi sai na watsa masa tafasasshen ruwa," na ce, kuma butar tana hannuna.

"Na yi wannan tunanin, Norbert," in ji Célestin a hankali. "Sai dai baƙo da zai yi jabu, shekara mai daɗin suna zai zaɓa ya liƙa. Wannan mutumin ya yi ƙarya a sunan mai gona, amma ya kasa yin ƙarya a shekara. Giyarsa ce, ta shekarar ce, kuma yana alfahari da ita. Ku gaya wa Shef, gonar wa ƙanƙarar ta tsallake?"

Kowa ya sani. Gona ɗaya ce a bayan tudu, a ƙarƙashin dutse, ta tsira da 'ya'yanta. Kuma mutum ɗaya ne yake tattara odar takardun kwalaben gari duka ya kai maɗaba'a kowace shekara.

Norbert ya yi dariya. "Don na tsinki inabi shekara takwas da suka wuce sai na zama mai kisa? Gangunana na sayar wa 'yan kasuwa, ku je ku tambaya me suka yi da su."

"Mai yiwuwa," in ji Célestin, ya sosa gemu. "Ni ma ban so ta zama taka ba, don abin kunya ne. Régis ya ji abin da kukun nan na Lyon ya rubuta. Ya ce ruwan tsami ne aka ɗura masa, ko wanke tukunya ba zai yi da shi ba, ya dawo da ita don Anselme ya san ana zubar masa da mutunci."

Régis bai ji komai ba, ni shaida ce. Amma Norbert ya riga ya miƙe, kujera ta kife a bayansa.

"Ƙarya kake, mafaraucin banza! Cewa ya yi a shekara talatin bai taɓa sa irinta a baki ba! Cewa ya yi ita ce sarauniyar duk abin da Perrenot ya taɓa yi!"

Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

"Wasiƙar ba ta bar hannun Anselme ba sai a ɗakin ƙasa," in ji Célestin. "Cire safar nan mu gani."

Bai cire ba. Hannunsa ya shiga aljihu ya fito da lanƙwasasshiyar wuƙar datsa, ya tsallake tebur kamar ba mai shekara saba'in da bakwai ba. Célestin ya kare da damtse, wuƙar ta buɗe shi daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, jini ya fantsama har kan madubina. Tambelle ta cafke cinyar Norbert, ya juya ya soke ta a wuya sau biyu, ta ƙi saki. Maza bakwai da suka iya taron dangi a kan mutum ɗaya a gona, ko ɗaya bai motsa ba. Ni na zagayo na sauke masa butar ƙarfe a fuska da duk ƙarfina, da ruwan da komai. Ya faɗi yana kururuwa, Delattre ya danne shi ya fizge safar. Tafin hannun a tsage yake gida biyu, an ɗinke shi da zaren kamun kifi, ya kumbura ya fara ruwa.

Ko a ƙasa bai yi shiru ba. "Shekara arba'in motoci na wuce ƙofata suna tsayawa a tasa! Sau ɗaya na so in ji me za a ce in an sha tawa da sunansa. Na ji! Ya karanta mini da bakinsa, sannan ya ce zai tsaya gaban ƙungiya ya kira ni ɓarawo. Ko kurɓa bai yi ba! Na zuba masa, ya ture kofin!"

Célestin bai saurare shi ba. Yana zaune a ƙasa, kan karyar a cinyarsa, yana danne mata wuya da lafiyayyen hannunsa har ta daina numfashi.

Kwana goma sha biyu bayan haka na ɗauko Gaspard daga asibiti, ba ankwa, ba tuhuma. Idon hagu ya tafi. Likita ya ce hannun ya haɗu, amma bai ce zai yi aiki ba. Da muka zo kwanar gonarsa ya ce in tsaya. Bakwai ɗin nan ne a ciki, kowa da almakashinsa, suna datse masa inabin da ya bari rabi, ba wanda ya sa su. Na buɗe ƙofa zan kore su da zagi, ya riƙe ni.

"Bar su, Odile. Inabin ba ruwansa."

Ya fita ya taka a hankali har wurin Émile, ya miƙa hannun dama. Émile ya cire hula, ya ɗora masa almakashin a tafi. Gaspard ya kai shi jikin reshe, ya cije leɓe, ya matsa. Yatsun suka ƙi rufuwa. Ya sake gwadawa har gumi ya tsatso masa, almakashin ya zame ya faɗi cikin laka. Dukkansu suka sunkuyar da kai, aka rasa mai ƙarfin halin ɗauka.

Tun yana ɗan shekara tara yake datse inabin nan, kuma bai sake datse reshe ɗaya ba. Shi ya yafe musu, har gaisawa suke yi a coci. Ni ban yafe ba. Kullum da safe suna wucewa ta ƙofar shagona su tafi gari na gaba shan kofi, don sun san abin da zai same su in suka shigo.